Wankin sauti ya kashe mini Vltava, wace fitowa zan nema?

Mai Garmaho:

Assalamu alaikum. Tambaya ce da ni, amma sai na yi 'yar shimfiɗa tukuna, a yi haƙuri.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi karatun injiniya a Prague cikin shekarun 1960, lokacin ƙasar tana amsa sunan Cekoslobakiya. Ban da takardar shaida, abin da ya dawo da shi akwatin katako ne cike da fayafayan garmaho, yawancinsu na kamfanin Supraphon, masu tambarin zaki rungume da abin kiɗa mai tsarkiya. Da ya rasu babu wanda ya waiwayi akwatin, sai ya faɗo hannuna, tunda dama ni ne yaron da ke zama gefensa ina juya masa faifai in gefe ya ƙare.

A ciki akwai wanda ya fi kowanne shan allura, wato Má vlast na mai tsara kiɗan ƙasar, Smetana, wanda kawu yake fassara mini da "Ƙasata". Fayafayai biyu ne, ɗaukar 1963, Karel Ančerl yana jan makaɗan Czech Philharmonic. Wurin da kashi na biyu yake, Vltava, kiɗan kogin nan, layukansa har sun yi furfura don yawan sawa. Akwai kuma wani ƙarzo da ya ratsa daidai farkonsa. Sarewa ta farko za ta fara zubowa, ta biyu ta bi sahunta, sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, duk juyi ɗaya na faifan, har sau goma sha bakwai. Na ƙirga ya fi a ƙirga. Ina yaro na ɗauka cikin kiɗan yake, wani aka ba sanda yana ƙwanƙwasawa. Sai da na yi wayo na gane faifan ne ya taɓa faɗuwa.

Watan jiya na ce bari in huta da ƙas-ƙas. Na ga wannan ɗaukar a intanet, wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba ya fitar, an rubuta a bango da ruwan zinare cewa an sabunta sautin da fasahar zamani. Na biya, na sauke, na sa abin kunne, na kashe fitila. To, ba su yi ƙarya ba, babu ƙas, babu shuuu ɗin nan da ke bin tsohon kiɗa a baya. Amma sarewar nan biyu sai na ji kamar a cikin bokitin ruwa ake busa su, suna wani ɓulɓul a gefe-gefe. Masu goge da ke shigowa da babban amon kogin sun koma siraran wayoyi. Abin da ya fi ɓata mini rai ƙarshen ne. Bugu biyun nan da ke rufe Vltava, a faifan kawu in an yi na ƙarshe sai ka ji zauren ya riƙe shi yana sakinsa a hankali. A nan kuwa kamar an banko ƙofa. Ban kai kashi na uku ba na cire abin kunnen.

Abin da nake son sani, shin kunnena ne ya saba da datti har tsabta take damunsa, ko kuwa da gaske an yi wa kiɗan illa? In an yi, wace fitowa ce ta wannan ɗaukar za a amince da ita? Sannan a akwatin akwai na wani Václav Talich, mono ne, wato sauti mai hanya ɗaya ba dama ba hagu, ban cika sawa ba saboda sautinsa kamar daga ƙarƙashin bargo yake fitowa. Ya cancanci in nemi wankakkensa? Abu na ƙarshe, kada a yi mini dariya: faifan Talich na simfonin (dogon kiɗan taron makaɗa) Dvořák ta Sabuwar Duniya an rubuta lamba 5 a kansa, ko'ina kuma yanzu 9 nake gani. Kiɗa biyu ne ko kuskuren ɗab'i?

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kunnenka lafiyarsa ƙalau, kada ka kai shi asibiti. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina yanka tef da reza ina liƙawa kafin kwamfuta ta karɓe aikin, kuma wannan ɓulɓul da ka kwatanta na san shi kamar yunwar cikina, don na taɓa haddasa shi da hannuna a farkon zuwan manhajar share ƙara. Garin neman gira aka rasa ido.

Ga yadda abin yake. Ƙas-ƙas na ƙarzo da shuuu na tef cuta biyu ce daban. Ƙas abu ne na ƙiftawar ido, kwamfuta tana iya tsince shi ta cike gurbin da abin da ke gabansa da bayansa, ba wanda zai gane. Shuuu kuwa ba ya tsayawa, kuma yana zaune ne can saman sauti, unguwa ɗaya da numfashin mai sarewa, da ƙarzar gashin baka a kan tsarkiya, da wutsiyar amon zaure lokacin da yake mutuwa. Abin da manhaja take yi, sai a ba ta wani wuri da makaɗa suka yi shiru, ta ɗauki kamannin ƙarar, ta bi kiɗan tun daga farko tana ɗebe duk abin da ya yi kama da ita. In aka ɗan taɓa kaɗan, madalla. In aka murɗa har ƙarshe, sai ta haɗa da numfashin da gashin bakan da wutsiyar zauren ta kwashe, ragowar kuma ya riƙa ƙyalƙyal kamar ruwa a bututu. Ƙofar da ka ji an banko, wata na'ura ce da aka ce mata duk sautin da ya yi ƙasa da kaza ta yanke shi. Ɗaukar 1963 dole ta yi shuuu, don na'urar Dolby mai rage shi sai 1965 ta fito, kamfanoni suka fara aiki da ita a 1966. Duk wanda ya miƙo maka tef na kafin nan tsit kamar maƙabarta, ka tambaye shi me ya zubar.

Amma tun kafin a zo kan wanki, tambayar farko ita ce daga ina aka ɗebo sautin. Kalmar da suke rubutawa a bango da ruwan zinare ba ta da mai gadi, kowa yana iya rubuta ta. Kamfanin da ya yi ɗaukar shi ke da uwar tef a rumbunsa. Sauran, in ba sun karɓi izini da kwafi daga wurinsa ba, daga faifan garmaho irin na kawunka suke kwafa, ko daga CD ɗin wani. Dalilin yawaitarsu doka ce: a Tarayyar Turai da shekara 50 ake kare haƙƙin ɗaukar sauti, a 2013 aka mayar da ita 70, amma ba a koma baya an kamo waɗanda suka riga suka kuɓuce ba. Saboda haka duk abin da aka fitar kafin 1963 ya zama na kowa a can. Naka yana bakin iyaka, sai dai ba kowace ƙasa ce ta bi Turai ba, intanet kuma ba ta san shinge ba. Mai kwafa daga faifai yana gadon duk ciwon faifan, musamman layukan ciki kusa da rami inda sauti ke shaƙewa, shi ya sa yake murɗa wankin da ƙarfi don ya ɓoye sawunsa.

Wankin gaskiya yawancinsa aiki ne mai gundura wanda ba ya shiga talla. A duba mahaɗan tef da gam ɗinsu ya bushe a sake liƙawa. A daidaita kan na'ura ya zauna daidai da yadda aka naɗa tef ɗin, in ya karkace ko da gashi ɗaya ne kaifin sauti ya tafi. A auna gudu, don in na'urar wancan zamani ta ɗan yi sauri kiɗan gaba ɗaya ya hau sama. Bayan nan a juya shi zuwa lambobi. Su kuma lambobin da ake jerawa, bit 24 da kilohaz 96, suna da amfani ga mai aiki don suna ba shi sarari, amma CD na yau da kullum, mai bit 16 da samfur 44,100 a daƙiƙa, ya ishi tef na 1963 har da ragi. Kada lamba ta ruɗe ka.

Wanda za ka nema shi ne na Supraphon da kansa. Daga 2002 suka fara fitar da jerin da suka kira Karel Ančerl Gold Edition, fayafayai sama da arba'in daga tef ɗinsu na asali, kuma Má vlast ɗin nan shi ne na farko a jerin. A kunnena ya fi tsohuwar fitowarsu ta CD taushi da cika, ita kuma tsohuwar ta fi shi kaifi. Ina da duka biyun, kowa da kiwon da ya karɓe shi. In kana son gwada kowace fitowa kafin ka saya, wurare uku sun isa. Farkon Vltava, ka saurari tsunkulin tsarkiya da ke ƙarƙashin sarewa, ya kamata ya yi kamar ɗigon ruwa mai jiki. Sai inda babban amon ya shigo, akwai ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ake bugawa can sama, in ƙararsa ta tsinke da wuri an yi ɓarna. Na uku ka riga ka gano shi da kanka.

Maganar mono, kada ka raina ta. Ka nemi Pablo Casals yana kaɗa konshaton babban goge na Dvořák, wato kiɗan da goge ɗaya ke jan gaba sauran makaɗa na mara masa baya, da wannan ƙungiyar dai, George Szell yana ja, Prague, Afrilun 1937. Ba a tef aka ɗauka ba, kai tsaye aka yanka a kan kakin zuma, gefe ɗaya minti huɗu da 'yan kai. Fitowar Naxos Historical ta bar 'yar ƙarar faifan a ciki, bayan minti biyu kunnenka zai manta da ita, gogen kuma yana tsaye a gabanka kamar mutum. Batun Talich da lambobi na bar wa Hajiya, in ta leƙo, don gonarta ce.

Hajiya Mai Sarewa:

Na leƙo, Yaya Injiniya, kuma duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai ku injiniyoyi in aka bar ku sai ku sa yaro ya kwana yana sauraron wutsiyar zaure ya manta da kogin.

Ƙanena, lambar tukuna, don ita ce mai sauƙi. Kiɗa ɗaya ne, kuma ba kuskuren ɗab'i ba ne. Dvořák ya rubuta simfoni tara, amma biyar kaɗai aka buga yana raye, su ma ba a jere yadda ya rubuta su ba. Ta Sabuwar Duniya, wadda aka fara kaɗawa a Carnegie Hall ta New York ranar 16 ga Disamba 1893, ita ce ta biyar a bugu. Daga baya aka fito da huɗun farko, aka sake lissafi bisa shekarun rubutawa, 5 ta koma 9, tsohuwar 4 ta koma 8, tsohuwar 2 ta koma 7. Faifan kawunka na tsohon lissafi ne. Ka adana bangonsa da kyau.

Shi kuwa Talich da ka ajiye a ƙasan akwati, ai uban gidan ka ajiye. Shi ya karɓi Czech Philharmonic a 1919 ya riƙe ta har 1941, shi ya gina mata muryar da Ančerl ya gada. Ya ɗauki Má vlast a 1929, ya sake a 1941, ya sake a 1954, wannan na ƙarshen a tef. Supraphon sun yi masa nasa jerin, Talich Special Edition, a ciki akwai na 1954 ɗin, da Sabuwar Duniyar da ke hannunka. Bargon da kake ji rabinsa tsufan faifan ne, za ka ga ya yaye. Bambancinsu da Ančerl, a wurina, Ančerl mutum ne mai zana layi da ƙarfe, komai a fili, bugu tsaf, ba ya jinkiri don ya burge ka. Talich yana barin kiɗan ya yi numfashi. Wurin bikin auren ƙauye a tsakiyar Vltava, inda kogin ke wuce masu rawar polka, a hannun Ančerl ƙafafun masu rawar nake gani, a hannun Talich har nauyin takalmansu nake ji. Ban ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Na ce ina sa Talich sau uku kafin in sa Ančerl sau ɗaya.

Akwai wata ɗauka da nake so ka ji, ita ce za ta warkar da kai daga neman tsabta. Sojojin Jamus sun shiga Prague ranar 15 ga Maris 1939. Ranar 5 ga Yuni, wata uku bai cika ba, Talich ya ja Má vlast a Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa. An watsa shi ta rediyo har ƙetare, gidan rediyon Nowe ya naɗa ya ajiye, Supraphon suka fitar da shi a 2011. Sautin kam sai haƙuri, ba wankin da zai mai da shi sabo. Amma kashi biyu na ƙarshe, Tábor da Blaník, an gina su ne a kan waƙar yaƙin mabiya malamin addinin Kirista ɗan ƙasar, Jan Hus, ta ƙarni na 15, kuma almarar dutsen Blaník cewa take akwai mayaƙa suna barci a cikinsa, za su farka ranar da ƙasa ta shiga matsanancin hali. Ka ɗora wannan a kan mutanen da ke zaune a zauren a wannan daren. Ana gamawa sai tafi da sowa, can sai jama'a suka kama taken ƙasarsu da bakinsu ba wanda ya ba su umarni. Na fara jinsa ina tsaye ina ninke kaya, ban san lokacin da na zauna ba. Yanzu ka ce a kawo manhajar Yaya Injiniya ta share hayaniya. Wacce za ta share?

Shi ma Ančerl ɗin naka, ka san wanda kake saurara. Bayahude ne, 'yan Nazi suka kai shi sansanin tsare mutane na Terezín a 1942, daga nan Auschwitz a 1944, inda aka kashe matarsa da ƙaramin ɗansa. Ya fito da rai, ya karɓi ƙungiyar a 1950, ya riƙe ta har 1968 da tankokin Tarayyar Sobiyet suka shigo, sai ya koma Toronto ta Kanada, a can ya rasu a 1973. Rafael Kubelík kuwa tun 1948 ya fice da 'yan kwaminis suka karɓi mulki, bai sake taka ƙasar ba sai 1990, ya dawo tsoho ya ja Má vlast a buɗe bikin Bazarar Prague. Ranar 12 ga Mayu ake buɗe bikin kowace shekara da wannan kiɗan, ranar da Smetana ya rasu a 1884. Wannan ɗaukar ta zamanin dijital ce, ba ta bukatar wanki, ka haɗa da ita.

Wani abu da ke ba ni dariya in na ga muna jayayya a kan shuuu: Smetana ya kurmance ƙurmus a Oktoban 1874, Vltava kuma a Nuwamba da Disamban wannan shekarar ya rubuta shi. Sarewar nan biyu da ka damu da su da algaitar Turawa da ke bin bayansu, maɓuɓɓuga biyu na kogin, mai ɗumi da mai sanyi, mai su bai taɓa jinsu da kunne ba. Kafin jin ya ɗauke ma fito da ƙara ne suka addabe shi a kunne. Ko gangaren ruwan Yohana da ya kwatanta kusa da ƙarshe, inda komai ke ruɗewa, yau babu shi, madatsar ruwa ta haɗiye shi.

In ka gama da waɗannan, akwai Josef Suk, ɗalibin Dvořák kuma surukinsa. Dvořák ya rasu a 1904, Suk ya fara rubuta simfoni don tunawa da shi, yana tsakiyar aikin matarsa Otilie, 'yar Dvořák ɗin, ta rasu a 1905. Sai ya ƙarasa da kashi biyu nata. Sunan da ya sa wa simfonin Asrael, wato Azara'ilu, mala'ikan mutuwa. Talich ya ɗauke ta a 1952. Kada ka fara da ita da daddare kai kaɗai.

Ɗan Auta:

Baba Injiniya, Hajiya, ina gaisuwa. Ni dai a gafarce ni, in sauti ake nema me ya sa za a tsaya kan Supraphon? István Kertész ya ɗauki simfonin Dvořák tara cif da makaɗan London Symphony a Decca tsakanin 1963 da 1966, kuma in ka sa na lamba 8 ko 9 a lasifika mai kyau sai ka rantse bara aka yi. Ga Fritz Reiner da makaɗan Shikago, Sabuwar Duniya, 1957, a jerin Living Stereo na RCA, tambura kamar za su fasa ƙirji. Yaya Mai Garmaho, ka gwada su ka huta da bincike. Kiɗa ai kiɗa ne, takarda ɗaya suke karantawa.

Hajiya Mai Sarewa:

Auta, takarda ɗaya, baki daban. Sa Sabuwar Duniyar Ančerl ta 1961 kusa da ta Reiner, ka je kashi na biyu. Masu ƙahon Prague na wancan zamani suna sa 'yar rawar murya a busarsu, mai laushi, wadda ba za ka ji a Shikago ko Landan ba. Masu sarewa da algaitar Turawa kuma kowanne da ɗanɗanonsa, ba sa narkewa cikin juna su zama abu ɗaya, sai ka ce hirar mutane huɗu da ka san muryar kowa. Ita wannan ƙungiyar Dvořák da kansa ne ya ja ta a wasanta na farko, 4 ga Janairu 1896, a zauren Rudolfinum. Kertész ina sonsa, musamman a simfonin farko-farko da ba a cika kaɗawa ba. Amma ƙaninmu ba sauti mai kyau kawai yake nema ba, muryar da ya ji a gefen kawunsa yake nema.

Tsohon Injiniya:

Yaro bai yi ƙarya ba a kan Decca, Hajiya, a ba shi haƙƙinsa. A Kingsway Hall ta Landan aka yi na Kertész, zauren da injiniyoyi suke kira da girmamawa. Amma shi ma da tasa matsalar: jirgin ƙarƙashin ƙasa yana wucewa ta ƙasansa, kuma makirufo ba ya yi wa kowa kara. A garmaho da ƙananan lasifika ba a cika lura ba, da CD ya zo sai ga gurnani can ƙasa a wuraren da kiɗa ya yi sanyi. Mai wanki yana da zaɓi biyu, ya yanke ƙasan sauti ya haɗa da wani ɓangare na manyan goge, ko ya bar jirgin ya wuce. Ni na fi son a bar shi.

Tunda an taɓo Shikago, ga wani misali. Kubelík ya ɗauki Má vlast a can a 1952, kamfanin Mercury, mono, da makirufo guda ɗaya tak a rataye sama da makaɗa. Babu mai murɗa komai ana cikin kiɗa, daidaiton duk na madugun ne da zauren. Da aka zo mayar da ɗaukar Mercury zuwa CD a shekarun 1990, Wilma Cozart Fine ce ta tsaya a kai, wadda tun zamanin da aka yi su take cikin aikin. Shuuu yana nan, amma kakaki yana da haƙora. Abin gudu ɗaya a ɗaukar mono shi ne wanda aka ƙirƙira wa sitiriyon bogi, a tura kaifi dama a tura kauri hagu. An yi yayinsa a shekarun 1960, kuma ya dawo da sabuwar riga. In bango ya ce ɗaukar 1952 ko 1954 ce amma sitiriyo, ajiye.

Mai Garmaho:

Baba Injiniya, Hajiya, Auta, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana tara ne don ina son in zo da rahoto, ba godiya kawai ba.

Na samo Gold Edition ɗin. Na yi gwajin Baba yadda ya ce, na jera uku: faifan kawu, na ruwan zinaren, da wannan. Kafin sarewa ta shigo akwai shuuu siriri, kamar iska a ƙarƙashin ƙofa, wallahi da na ji shi sai na ji hankalina ya kwanta. Tsunkulin tsarkiyar yana nan, kuma ashe akwai wani mai tsarkiya da yawa da ake taɓawa tare da shi, shekara talatin ban taɓa rarrabe su ba, a faifan kawu ƙarzon ya danne su. Ɗan ƙarfen mai kusurwa uku, a na ruwan zinare tik yake yi ya mutu, a nan yana rataye a sama har bugu na gaba ya zo ya same shi. Bugun ƙarshe na mayar da shi sau biyar. Zauren ya dawo, har ya fi na faifan tsawo, don a faifan ƙarar allura ce ke cinye wutsiyar.

Sai dai akwai abin da ban zata ba. Sarewa ta biyu tana shigowa sai na ga yatsana yana bugun hannun kujera, ƙas, ƙas, ƙas, daidai inda ƙarzon yake. Na ƙirga, goma sha bakwai. Matata ta leƙo ta tambaye ni me nake ƙirgawa, na rasa ta inda zan fara mata.

Hajiya, na ji na 1939. Minti biyar na farko na kusa cirewa, na daure saboda ke. Wurin da jama'a suka kama taken, ban san kalma ko ɗaya ba, amma akwai muryoyin da suka riga sauran shiga, kamar ba su iya jira ba. Ban sake sawa ba tukuna. Talich na 1954 yana hanya. Asrael kuwa na bi shawararki, na bari sai ranar hutu da hantsi. Auta, na ji Kertész na lamba 8, ka yi gaskiya, sautin ya yi kyau ƙwarai, kuma na lura ban taɓa sanin wannan simfonin ba sam, a akwatin kawu tana nan da lamba 4 ina tsallake ta.

Saura tambaya ɗaya, Baba. Shi faifan kawu, in ci gaba da sawa ko in jingine shi?

Tsohon Injiniya:

Kafin komai ka canza allura, na tabbata ta kawunka ce har yanzu a kai, kuma allurar da ta dushe ita ke sa layuka furfura. Ka wanke faifan da tataccen ruwa da ƙyalle mai laushi, kana bin layukan a zagaye, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka bar shi a tsaye ya bushe a inuwa. Sannan ka haɗa garmahon da kwamfuta ka kwafe gefen nan sau ɗaya, yadda yake. In manhajar ta tambaye ka ko ta cire ƙas ɗin, ka ce mata a'a.